Zanga-zanga a Ghana: sanarwa doka ta ce, ba izini ba

A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Matasan Asawase ba su yarda ba. Suka fito kan titi, suka tare hanya, suka ƙona tayoyi. Daga baya kwamitin bincike da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar cewa mamatan 'yan fashi ba ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka kuma biya iyalan diyya. Har yau idan zancen ya taso a majalisa, sai ka ji wani ya ce ai yaran ba su nemi izini ba kafin su fito.

A Ghana ba a neman izinin zanga-zanga. Sashe na 21 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ba kowane mutum 'yancin taro, har da jerin gwano da zanga-zanga. A lura, "kowane mutum" ne, ba ɗan ƙasa kaɗai ba, kuma wannan ya shafi ɗan Maradi ko ɗan Sakkwato da ke neman abinci a Aboabo. A 1993 jam'iyyar NPP, tana adawa a lokacin, ta kai Sufeto Janar na 'yan sanda ƙara, Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin izinin da ke cikin dokar soja ta 1972. A 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya ma ta yanke irin wannan hukunci a shari'ar ANPP.

Abin da ya maye gurbin izinin shi ne dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1994, mai lamba 491. Masu shirya taro za su rubuta wa 'yan sanda takarda aƙalla kwana 5 kafin ranar, su sa hannu, su faɗi irin taron, da lokacin farawa da tashi, da hanyar da za a bi. Idan 'yan sanda na tsoron tarzoma, suna iya roƙon a ɗage ko a sauya wuri, masu taro su ba da amsa cikin awa 48. In sun ƙi, ba kwamanda ne zai hana ba; sai ya je gaban alƙali ya nemi umarni. Taron addini da na wasanni ba sa cikin wannan sharaɗi. Amma duk dukiyar gwamnati da aka lalata, masu shiryawa da mahalartan da aka samu da hannu ne za su biya.

A ganina, a kwana biyar ɗin nan matsalar take. Ƙungiyar malamai ko ta 'yan kasuwar Kejetia na iya zama su rubuta wasiƙa su jira mako guda. Unguwar da aka kawo wa gawa da safe fa? Dokar ba ta yi tanadin fushin da ke tashi nan take ba. A Ejura, ranar 29 ga Yunin 2021, matasa sun fito bayan jana'izar Ibrahim Mohammed, wanda aka fi sani da Kaaka, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu. Rashin sanarwa laifi ne da kotu ke hukuntawa da tara ko ɗauri, ba da harsashi ba.

Ina faɗa wa ɗalibaina da suka girma: ku kai takardar da kanku, ku sa a buga wa kwafinku hatimi da kwanan wata, ku naɗa masu tsawatarwa a cikinku. Idan aka ce an hana, ku nemi a nuna muku umarnin kotu a rubuce, ku duba ko alƙali ya sa hannu ko kuwa takardar shigar da ƙara ce kawai.