Me Ke Kashe Katin Hoto a Kwamfuta? Jita-jitar Shagunan Gombe da Gaskiyar Magana

Mai zanen kalandar biki a Jekadafari, da mai tace bidiyon ɗaurin aure a Pantami, da yaron da ya buɗe shagon wasan ƙwallo a Tudun Wada, duk sun san wannan tashin hankalin. Ana tsakiyar aiki sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko layuka kore da ja su keto shi daga sama har ƙasa, ko kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. A kai ta wurin mai gyara, ya leƙa, ya ce girafik, wato katin hoto, ne ya tafi. A sayi wani katin, bayan wata biyu shi ma ya bi sahun na farko. Daga nan sai kowa ya kawo nasa dalilin, wani ya ce NEPA, wani ya ce kayan gwanjo, wani ya ce wasa ne ke cinye shi. Cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma wadda ba ta da tushe sam, kuma jahiltar bambancinsu shi ke cinye kuɗin mutane.

Maganar da ta fi yawo ita ce duk allon da ya yi baƙi, kati ne ya ƙone. Ba haka ba ne. Sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau. Wayar HDMI ko ta VGA da ta karye ta ciki tana kawo baƙin allo. RAM da ya ɗan ɗago daga mazauninsa, musamman bayan an ɗauko kwamfuta a Keke Napep ta sha gargada, yana hana hoto fitowa gaba ɗaya alhali fankoki na juyawa. Akwai kuma kuskuren da ake yi kullum: a sa kati sabo, amma a bar wayar monita a jone da ramin madabod na sama, maimakon ramin katin da ke ƙasa. Haka nan masu cewa fankar katin ba ta juyawa don haka ya mutu, su sani cewa katunan zamani da yawa suna tsayar da fankarsu da gangan idan ba a aiki mai nauyi, sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60 sannan ta tashi.

Katin da ya lalace da gaske yana da alamarsa. Ɗigo-ɗigo da layuka za su bayyana tun daga tambarin farko da kwamfuta ke nunawa, kafin Windows ta buɗe. Idan Windows ta buɗe, ka ɗauki hoton allon da maɓallin Print Screen ka tura wa wayarka. In layukan sun fito a cikin hoton, matsalar daga kati ko manhajarsa take. In hoton ya fito tas amma kana ganin layuka da idonka, ka tuhumi monita ko wayar da ke haɗa monita da kati. Wannan gwajin ba ya cin ko sisi, amma da wuya ka ga an yi shi kafin a yanke hukunci.

Sai babbar wadda ake tuhuma, wato wutar NEPA, kamar yadda har yau muke kiranta duk da cewa kamfanin JED na Jos ne ke rarraba wuta a Gombe da Bauchi da Filato da Binuwai. Wannan rabin gaskiya ce. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma kowa ya san tana hawa tana sauka. Lokutan haɗari sanannu ne: daidai sa'ad da aka dawo da wuta, da lokacin da ake juyawa daga janareta zuwa layi, da tsawar damina. A watan Afrilun 2024, da ɓata-gari suka karya turakun layin da ke kawo wuta daga Jos zuwa Gombe, gari ya shafe makonni a duhu, kwamfutoci suka koma kan ƙananan janareta, waɗanda wutarsu ke tangaɗi duk lokacin da aka kunna firji ko injin ɗab'i. Duk wannan yana wahalar da na'ura, babu musu.

Amma katin hoto ba ya shan wutar bango kai tsaye. Abin da ke shiga cikinsa bolt 12 ne, wanda fawa fak ke tacewa ya ba shi. Fawa fak na kirki yana karɓar wuta daga bolt 100 har zuwa 240 ya fitar da ita daidai, in kuma abin ya fi ƙarfinsa sai ya kashe kansa don ya tsare sauran kayan. Na banza kuwa duk abin da ya shigo sai ya wuce da shi ciki. Saboda haka idan kati biyu ko uku suka mutu a kwamfuta ɗaya, a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Akwatin ƙarfen nan da ke ƙuryar kwamfutar, wanda ba wanda ke kallo, shi ne farkon abin bincike.

Bari in ɗan daɗe a nan, domin a nan asarar take. Yawancin kwamfutocin da ke shigo mana daga Legas da Kano tsofaffin na ofis ne, HP da Dell ƙanana, waɗanda aka ƙera don rubutu da lissafi. Fawa fak ɗinsu bai cika wuce wat 200 da ɗoriya ba, kuma ba shi da wayar ciyar da kati. Ramin da ake soka kati a madabod iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Ƙananan katuna irin GT 1030 mai cin wat 30 za su zauna lafiya a irin wannan gida. Amma RX 580, wanda matasa ke rububi saboda araharsa, yana cin wajen wat 185 shi kaɗai, kuma kamfanin AMD ya ce a haɗa shi da fawa fak mai wat 500. Abin da ake yi a shaguna shi ne a nemo 'yar wayar dabara a jona daga wayar hadis zuwa katin. Wayar hadis an yi ta ne don ɗaukar abin da bai kai wat 60 ba, ita kuwa jonar kati mai ramuka 8 an tsara ta ne don wat 150. Ka zare irin wannan wayar bayan wata guda ka duba bakinta: robar ta yi ruwan ƙasa, ta ɗan lanƙwashe, tana warin ƙonewa, ƙarfen ciki ya yi baƙi.

Kuma lambar da aka rubuta a jikin fawa fak ba hujja ba ce. Akwai waɗanda aka liƙa wa takardar wat 600 alhali ba za su iya ba da rabin haka ba. Ka ɗaga shi a hannu, in ka ji shi shafal kamar babu komai ciki, to kusan babu komai ɗin. Ka karanta layin bolt 12 a jikin takardar ka ga nawa yake bayarwa, don shi ne abincin katin. Alamar fawa fak mai gazawa ita ce kwamfuta ta yi lafiya ana rubutu, amma da an fara fitar da bidiyo ko wasa ya yi zafi sai ta ɗauke ɗif. Hatta masu kuɗin duniya ba su tsira daga matsalar jona ba: a ƙarshen 2022 an yi ta samun bakin wayar katin RTX 4090 yana narkewa, kamfanin Nvidia kuma ya ce binciken da ya yi ya nuna yawanci ba a tura wayar ta shige har ƙarshe ba ne.

Abu biyu kuma game da wuta. Tsofaffin kwamfutocin da suka fito daga Amurka wasu suna da ɗan jan maɓalli a bayan fawa fak mai lamba 115 da 230; in yana kan 115 aka jona a nan, nan take zai fashe. Sannan in kana jin kwamfuta na ɗan jan hannunka idan ka taɓa ƙarfenta, gidan ba shi da wayar ƙasa, kuma jona HDMI da talabijin alhali duka a kunne suke yana iya ƙona ramin. A kashe tukuna, sannan a jona.

Game da cewa duk katin gwanjo matacce ne saboda an haƙi kuɗin kirifto da shi, nan ma an haɗa gaskiya da ƙari. Gaskiya ne bayan da Ethereum ta daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022, katuna masu ɗimbin yawa sun malalo kasuwannin duniya, har da namu. Sun yi aiki dare da rana, don haka fankarsu ta gaji, man sanyayarsu ya bushe, wasu kuma ma'ajiyarsu ta sha zafi. Da yawansu in an sauya fanka da mai za su yi shekaru suna aiki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na jabu: tsohon kati irin GTS 450 da aka sauya wa suna a cikin manhajarsa, ya riƙa nuna kansa a matsayin GTX 1050 Ti. Irin wannan zai buɗe Windows lafiya, amma da an ɗora masa aiki sai ya rushe, mai shi ya yi ta zargin wuta. Manhajar GPU-Z kyauta ce kuma tana tona asirin da yawansu. Kada ka biya kuɗi sai an sa katin a gabanka ya yi aiki mai nauyi na rabin awa.

Akwai wata magana da nake so a daina yarda da ita, wai ana farfaɗo da mataccen kati da zafi. Za ka ga an cire ƙarfen sanyaya, an kewaye ƙwaƙwalwar katin da takardar alminiyam, an ɗauko injin hura zafi irin na masu gyaran waya ana zagaya shi a kai na 'yan mintoci. A bar shi ya huce, a mayar, hoto ya fito, kowa ya yi murna. Dabarar ta yi suna ne tun 2008, lokacin da wasu ƙwaƙwalen Nvidia a kwamfutocin cinya na HP da Dell da Apple suka riƙa mutuwa saboda rauni a mahaɗansu, har kamfanin ya ware kusan dala miliyan 200 don gyara da musanya. Zafin yana sa tsagaggen mahaɗi ya sake taɓa juna na ɗan lokaci, amma tsagar tana nan. Bayan kwanaki ko makonni ciwon zai dawo. Wanda ya yi wa katinsa haka don ya ƙarasa aikin da ke hannunsa, ba laifi. Wanda ya yi haka ya sayar wa ɗan'uwansa a matsayin lafiyayye, ya ci haram, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa kati na biyu da na uku ke mutuwa da wuri.

Shi kuwa wasa ba ya ƙona lafiyayyen kati. An ƙera shi ne don wannan aikin, kuma idan zafi ya haura digiri 80 da wani abu yakan rage gudu da kansa. Ko a 2021 da aka yi ta cewa wasan New World na kamfanin Amazon yana kashe RTX 3090, kamfanin EVGA ya gano cewa wasu katunansa ne aka yi wa walda mara kyau, ya kuma musanya su. Abin da ke gaskiya shi ne yanayinmu. A Maris da Afrilu zafin Gombe yana kai digiri 40, a shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta taru tun Disamba. Ka buɗe kwamfutar da ta shekara a ƙasa kusa da ƙofa, za ka tarar ƙura ta dunƙule ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, fanka na juyawa amma iska ba ta wucewa. A ɗora kwamfuta kan tebur, a hure ta da bulowa bayan hunturu, a riƙe fanka da yatsa yayin hurawa. Buɗe murfin gefe a sa mata fankar tebur yana rage zafi, amma ƙura za ta ninku. Masu shafa man goge baki a madadin man sanyaya kuwa su bari, kwana kaɗan yake bushewa.

Batun cewa bairos ne, a yi fomat, ba ya buƙatar dogon bayani. Fomat ba ya gyara kati. Idan allo yana ɗaukewa na ɗan lokaci ya dawo, Windows ce ke sake tayar da direban katin bayan ya yi shiru na daƙiƙa 2, kuma wani lokaci direban ne kawai ya rikice. A goge shi da manhajar DDU, a sauko da sabo daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, a guji tarkacen direbobin da ake yawo da su a filash. In bayan haka Windows na nuna lamba 43 a kan katin, to zargi ya fara komawa kan katin kansa.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka fitar da kuɗin wani katin, ka ɗauki wanda aka ce ya mutu ka gwada shi a kwamfutar wani mai fawa fak na kirki, ka kuma aro lafiyayyen fawa fak ka gwada a taka. In kuɗinka ba za su sayi kati da fawa fak tare ba, ka fara da fawa fak da sitabilaiza, katin ya jira. Ku kuma masu gyara, don Allah ku yi wa mutane wannan gwajin kafin ku ce musu girafik ya tafi.