Rigimar Mac da Windows a Ɗakunan Haɗa Kiɗa

A watan Yulin 2002 kamfanin Apple ya sayi wani kamfani na ƙasar Jamus mai suna Emagic, masu manhajar haɗa kiɗa ta Logic. Cinikin kamfanoni ba baƙon abu ba ne, sai dai a cikin sanarwar akwai maganar da ta hana mutane da yawa barci: daga ƙarshen watan Satumba na wannan shekarar, an daina yin Logic domin kwamfutocin Windows. Mutum ya zuba kuɗinsa, ya shafe shekaru yana koyon lungu da saƙo na manhajar, ya tara waƙoƙin jama'a a cikinta, kwatsam ya wayi gari an ce ko dai ya sayi Mac, ko ya koma ɗan koyo a wata manhajar. Wasu suka ƙi duka biyun, suka ƙanƙame Logic 5.5.1, fitowa ta ƙarshe a Windows, suka yi ta lallaɓa ta shekara da shekaru. Abokan hamayya irin su Steinberg, masu Cubase, gaba ta kai su, suka yi rangwame ga duk wanda zai sauya sheƙa.

Wanda ya ga masu haɗa kiɗa na musu a kan Mac da Windows har jijiyar wuya na tashi, ya ce abin ya yi yawa, to ya fara duba wannan labarin. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Abin dariyar shi ne, ɓangarorin biyu gida ɗaya suka fito. Bayan da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da tsarin MIDI a 1983, wanda ke ba fiyano da kwamfuta damar yin magana da juna ta waya, na'urar da ta fi cin moriyarsa ita ce Atari ST ta 1985, domin ta zo da ramukan jona wannan waya a jikinta. A kanta aka haifi Cubase a 1989, a kanta kuma Notator, kakar Logic, ta yi suna. Da tauraron Atari ya dusashe sai jama'a suka watse. Manyan situdiyoyi suka bi Mac, musamman saboda manhajar Pro Tools da ta fito a kanta a 1991. Masu ƙaramin ƙarfi suka bi kwamfutar da ake harhaɗawa a shago, a sa mata Windows. Tun daga ranar farko ke nan akwai maganar aljihu a cikin rigimar, ko da yake ba kowa ke son faɗa ba.

Akwai lokacin da 'yan Mac ke da gaskiya, kuma gaskiyar tana cikin abin da ake kira jinkirin sauti. Mawaƙi ya shiga ɗakin ɗauka, ya sa na'urar ji a kunne, ya buɗe baki. Muryarsa za ta shiga makirufo, ta ratsa katin sauti, kwamfuta ta sarrafa ta, sannan ta dawo masa. Kwamfuta ba ta ɗaukar sauti a miƙe. Yanka shi take yi, sau 44,100 a kowace daƙiƙa a ma'aunin faifan CD, ta riƙa tara yankan ƙunshi-ƙunshi kafin ta yi aiki a kansu. In ƙunshin na yanka 128 ne, jiran bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba, kunne ba ya lura. In ya kai 1,024, jiran ya haura kashi 23 cikin dubu a shiga, haka kuma a fita. Nan mawaƙi zai ji muryarsa na bin sa a baya, harshensa ya sarƙe, ya saki amo. In kuma aka matse ƙunshin fiye da ƙarfin injin, sai sauti ya fara ƙaras-ƙaras, aikin ya lalace. Hanyar sauti ta Windows ta wancan zamani ba don mawaƙa aka gina ta ba, sai da Steinberg suka ƙirƙiro ASIO, wadda ke tsallake ta, ta haɗa manhaja da katin sauti kai tsaye. Apple kuwa ya gina nasa tsarin, Core Audio, a cikin Mac OS X, ka jona kati ya kama aiki. A yau kati mai kyau da direba mai kyau, wato manhajar da ke sarrafa katin, sun kusan share wannan tazara, amma gorin yana nan.

Inda gaskiya ta ƙare wa kowa shi ne iƙirarin cewa wata kwamfutar ta fi wata zaƙin sauti. Ana iya gwadawa. A ɗauki aiki ɗaya, manhaja ɗaya, saiti ɗaya, a fitar da waƙar a Mac, a sake fitar da ita a Windows. A jera su biyun a kan layi, a juya igiyar sautin ɗaya ta koma kishiyar ɗayar, a kunna. In iri ɗaya ne za su cinye juna, lasifika ta yi tsit, kuma yawanci abin da ke faruwa ke nan. Lissafi ne, kuma biyu da biyu huɗu ne a kowane inji. Abin da ke canza sauti shi ne makirufo, da ɗaki, da lasifika, da kunnen mai aikin.

Sannan ga raini. FruityLoops, wadda Didier Dambrin ya rubuta wa kamfanin Image-Line na Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, ta koma FL Studio a 2003, ta kuma shafe kusan shekara 20 a Windows kaɗai. Sai a 2018 ta sauka a Mac da ƙafarta. Ƙwararru sun daɗe suna kallonta a matsayin kayan wasan yara. Yaran kuwa ba su tsaya jiran izini ba. Da ita Soulja Boy ya haɗa kiɗan da ya kai shi saman jadawalin waƙoƙin Amurka a 2007, da ita Avicii ya yi tashe, kuma wannan dukan mai kauri na amapiano da ya taso daga Afirka ta Kudu ya mamaye Legas, daga wani sauti na cikinta ya samo asali. A namu situdiyoyin na Kano da Kaduna da Jos, inda fiyanon Yamaha ya daɗe yana mulki, kwamfutar hannu ta gwanjo mai Windows ce ta fi saurin shiga, saboda ita kuɗi ke iya kaiwa, ita kuma mai gyara na kasuwa ya san cikinta. 'Yan Mac ma suna da abin nunawa: a ɗakin kwana Finneas ya haɗa kundin farko na ƙanwarsa Billie Eilish da Logic, kundin da ya kwashe kyaututtukan Grammy a 2020. Duk waɗannan misalai, a ganina, hujja ce a kan masu gardamar, ba hujjarsu ba.

To me ya sa wutar ta ƙi mutuwa? Domin mai haɗa kiɗa ba kwamfuta kaɗai ya saya ba. Ya sayi ƙananan manhajojin da ake jonawa a cikin babbar, wannan ta gyara murya, waccan ta kwaikwayi ganga ko goge. Steinberg sun fito da tsarinsu na VST a 1996, Apple ya yi nasa, Audio Units, kuma Logic ba ta karɓar VST. Fayil ɗin aikin Logic ba ya buɗuwa a Cubase, na Cubase ba ya buɗuwa a FL Studio. Saboda haka in ka ce wa mutum injinsa ba shi da kyau, abin da ya ji shi ne dukiyarsa da shekarunsa sun tafi a banza. Kare kansa yake yi, kamfanin kuwa bai ma san da zamansa ba.

Kuma babu ɓangaren da kamfani bai taɓa juya wa baya ba. Apple ya sauya ƙwaƙwalwar injinansa daga PowerPC zuwa Intel a 2006, ya sake sauyawa zuwa M1 a 2020, a tsakani kuma macOS Catalina ta 2019 ta daina karɓar tsofaffin manhajoji masu bit 32. Kowane sauyi ya bar wasu kayan aiki a hanya. A 2015 Apple ya sayi Camel Audio, masu manhajar Alchemy, 'yan Windows suka sake ganin abin da ya faru a 2002. Su ma ba su tsira a gidansu ba: a Nuwamban 2017 kamfanin Gibson ya dakatar da reshensa Cakewalk, masu manhajar Sonar, sai da BandLab na Singafo ya ɗauko manhajar a 2018 ya raba ta kyauta. Ka buɗe aikin da ka yi shekara 10 da suka wuce, allo ya jero maka sunayen abubuwan da bai gani ba, ka danna kunnawa ka ji murya tsirara, gangar ta ɓace.

Shi ya sa tsofaffin injiniyoyi, na Mac da na Windows, suke da ɗabi'u biyu da ba sa musu a kansu. Ba sa sabunta tsarin kwamfuta ana tsakiyar aikin kundi. In kuma an gama waƙa, sukan fitar da kowane layi daban, murya daban, ganga daban, fiyano daban, duk daga daƙiƙar farko, a tsarin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, kuma kowace manhajar kiɗa ke buɗewa. A ma'aunin CD, minti ɗaya na cin kusan megabait 10, wato waƙar minti 5 mai layi 30 ba za ta wuce gigabait ɗaya da rabi ba, abin da ƙaramin filashi zai ɗauka har da saura.