Gani Ya Kori Ji: Marubuci, Tukunya da Ɗalibin Gwiwa

Yawancin ɗalibanmu na makarantun Gwiwa da Roni da Kazaure da Ɓaɓura sun san littafi, amma ƙalilan ne suka taɓa yin ido biyu da wanda ya rubuta shi. Haka kuma da yawa sukan haddace darasin kimiyya domin jarrabawa kawai, ba tare da hannunsu ya taɓa kayan gwaji ba. Sakamakon haka yaro yakan ɗauka cewa rubutu da bincike aikin wasu mutane ne na can nesa. Hanya guda ta gusar da wannan zato ita ce a gayyato marubucin littattafan yara zuwa makaranta ko laburare, a kuma haɗa ziyarar da aikin hannu.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A birnin Landan na ƙasar Ingila, Michael Faraday, ɗan maƙeri wanda ya fara da aikin ɗinke littattafai kafin ya shahara a binciken lantarki, ya assasa laccocin kimiyya domin yara a 1825. A 1848 ya tsaya gaban yara da kyandir, yana kunnawa yana nuna masu yadda wuta ke cin iska. Daga baya laccocin suka zama littafi a 1861.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da tushe. Alhaji Abubakar Imam da Rupert East sun wallafa Ikon Allah a Zariya, littafin da ya bayyana halittu da harshen da yaro zai gane. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi tafiya zuwa sararin samaniya. Wato an daɗe da tabbatar da cewa Hausa na iya ɗaukar kimiyya. Abin da ya rage shi ne a haɗa littafi da gwaji.

To, da me za a yi gwajin, alhali kayan aiki sun yi tsada? Amsar tana nan cikin Jihar Jigawa. Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Kwalejin Fasaha ta Jihar a Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi da ruwa, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yakan ratsa jikin babbar tukunya ya bi iska, kuma yayin da yake ƙafewa sai ya tafi da zafin da ke ciki. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan, shi ne kuma dalilin da gumi ke sanyaya jiki.

Ga yadda malami zai tsara ranar. Tun mako guda kafin zuwan baƙo, ɗalibai su karanta littafinsa, su tanadi tambayoyi. Su kuma zuba tumatir a tukunyar, su ajiye wani a faranti, suna duba su kullum suna rubuta abin da suka gani. Idan akwai ma'aunin zafi, a auna safe da rana. Ranar ziyara marubuci ya karanta masu, ya nuna masu takardunsa na farko da duk goge-gogen da ke ciki, don su gane cewa littafi ba ya faɗowa daga sama. Daga nan ya taimaki kowane ɗalibi ya mayar da abin da ya lura da shi labari na shafi guda. A ɗinke shafukan, a ajiye a laburare da sunayen masu su.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da su tuntuɓi rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981. Ranar 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, ta dace da irin wannan taro. Tukwane biyu da yashi da marubuci ɗaya sun isa a fara, domin da yayyafi kogi kan cika.