Sotigui Kouyaté: dogon tsohon da ba ya ɗaga murya

A tsohuwar kwamfutar wani abokina na fara ganinsa. Ya kunna fim, ya ce, "Malam, zauna ka ga wani tsoho." Dogo ne siriri kamar gora, gashinsa a tukke, yana dogara sanda a titunan Landan. Fim ɗin shi ne London River na 2009, tsohon kuma Sotigui Kouyaté.

Ya fito a matsayin Ousmane, Musulmi ɗan Afirka da ke aikin gandun daji a Faransa, wanda ya zo neman ɗansa bayan harin bama-bamai na 7 ga Yuli, 2005. A can ya haɗu da wata Baturiya mai neman ɗiyarta. Ashe yaran biyu tare suke zaune, har ɗiyar na koyon Larabci, amma saboda zargi sai ta kira masa 'yan sanda. Mu da muka san zama cikin jama'ar da ba mu ne mafi yawa ba, mun san irin wannan kallon. Na jira ya fusata, ko ya hau wa'azin wanke kai. Ko ɗaya bai yi ba. Shiru kawai, da ido. Wallahi shirun nan ya fi dogon jawabi nauyi, kuma da shi ya ci lambar gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Berlin a shekarar.

An haife shi a Bamako a 1936, ya girma a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, har ya riƙe kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙafarta. Gidansu gidan jali ne. In na ce maroƙi, na rage masa daraja, don a ƙasar Mande jali shi ke riƙe tarihin sarauta, shi ke shiga tsakani in an yi rikici.

A 1966 ya kafa ƙungiyarsa ta wasan daɓe. Daga baya daraktan nan ɗan Ingila, Peter Brook, ya ɗauke shi, ya ba shi rawar Bhishma a Mahabharata, wasan awa tara da aka nuna a Avignon a 1985. Masoya fim ɗin Indiya, ku ji fa: baƙar fata ne ya zama dattijon babban labarin Indiyawa.

Amma wasan da nake jin takaicin ban gani da idona ba shi ne Tierno Bokar na 2004. Labarin malamin Bandiagara ne, wanda saɓanin 'yan Tijjaniyya kan karanta Jauharatul Kamali sau 11 ko sau 12 ya ci shi. Turawan mulkin mallaka suka sa hannu, jama'arsa suka ƙaurace masa har ya rasu a 1940. Sotigui ne ya hau matsayin malamin, a gaban Turawan da yawancinsu ba su taɓa jin kalmar wazifa ba.

Ɗansa Dani Kouyaté ya sa shi a fim ɗin Keïta, inda ya fito a matsayin jalin da ke koya wa ɗan boko asalin sunansa.

Ya rasu a Paris ranar 17 ga Afrilu, 2010, yana da shekara 73. A Wagadugu aka binne shi.