Magungunan Tsinka Jini da Kumburin Jijiyoyi

Toshewar jijiyoyin da ke kai jini zuciya da ƙwaƙwalwa tana farawa ne da kumburi. Kitsen kolestirol yakan kutsa cikin bangon jijiya, sai fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun garkuwar jiki, su bi shi su haɗiye. Idan suka ƙoshi sukan mutu a wurin, su taru su zama tudun da ke ƙuntata hanyar jini. Ranar da tudun ya fashe, gudan jini ya toshe hanyar, shi ne ake samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Daskarewar jini da kumburi tafiyarsu ɗaya. Sinadarin turombin, wanda ke haɗa gudan jini, yana kuma taɓa wasu wuraren karɓar saƙo, waɗanda aka gano a 1991, a jikin ƙwayoyin bangon jijiya, ya sa su kirawo fararen ƙwayoyi. Su ma filatilet, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni, sukan manne wa fararen ƙwayoyi su zuga su. Saboda haka maganin da ya hana daskarewa yakan shafi garkuwar jiki.

Hefarin, wanda aka gano a 1916, yana rage mannewar fararen ƙwayoyi a bangon jijiya. Kulofidogirel na rage haɗuwarsu da filatilet. Asfirin kuwa, ɗan abin da ake ba mai ciwon zuciya bai kai ya kwantar da kumburi sosai ba.

An fi sa ido kan ribaroksaban. A jikin ɓeraye ya rage girman tudun kitse da kumburinsa. A binciken COMPASS na 2017, mai mutane sama da 27,000, haɗa ɗan kaɗan daga cikinsa da asfirin ya rage jimillar bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da mutuwa daga ciwon zuciya da kashi 24 cikin ɗari, amma zubar jini ya ƙaru. Sai dai binciken bai bambance rabon hana daskarewa da na rage kumburi ba, kuma ɓera ba mutum ba ne.

Wafarin ya fita daban. Yana daƙile aikin bitamin K, alhali wani furotin da ke hana kalsiyam taruwa a bangon jijiya yana buƙatar wannan bitamin. Shi ya sa ake danganta daɗewa ana shansa da sandarewar jijiyoyi.