Kafin A Yanka Kwano A Fitar Da Taga

Duk wanda ya taɓa shiga shagon kwano da azahar a watan Afrilu ya san zafi. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa, ga kwano ya sha rana tun hantsi yana amayo ta ciki. Kafinta na goge katako gumi na ɗiga a kan aikin, mai walda na shaƙar hayaƙin da ya rasa mafita. Galibin shagunan nan ƙofa ɗaya gare su, shi ya sa mai shago kan wayi gari ya ce a huda masa taga. To, a nan ake yin gyaran gangar auzinawa.

Tambayar farko ita ce, a wane gefe? A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa da iska da feshi, kuma ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa. Yamma kuwa ranar la'asar ce ke dukanta kai tsaye. Kudu da arewa sun fi sauƙi. A yi tagogi biyu masu fuskantar juna, domin iska ba ta shiga inda ba ta da wurin fita. Ɗaya ta ɗan yi sama kusa da rufi, tunda iska mai zafi sama take taruwa. Wajen girma, a auna kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe: shago mai mita 4 da mita 5, tagogi biyu masu mita ɗaiɗai tsawo da faɗi sun ishe shi.

Sai babbar magana: kwano ba ya ɗaukar nauyi, sutura ce kawai. Wanda ya ɗaure taga a jikin kwanon, kafin damina biyu zai ga ta karkace, marfi ya ƙi rufuwa. Firam ake fara kafawa daga ciki, na ƙarfe ko na katako, a haɗa shi da ginshiƙan shagon sama da ƙasa. Bayan ya zauna daram, a huda kusurwoyinsa huɗu daga ciki, a fita waje a ja layi tsakanin hudojin, sannan a yanka.

Yankan ma da dabara. Giranda tana da sauri, amma zafinta yana ƙone farin sinadarin da ke kare kwano daga tsatsa, tartsatsinta kuma duk inda ya sauka yakan bar ɗigon ja bayan ruwan farko. Almakashin kwano ya fi, ko da hannu zai gaji. A sa safar hannu da tabarau, a kwashe diddigar katako da galan ɗin fetur daga kusa, a kuma duba ko wayar lantarki ta bi ta bayan wurin. Bakin da aka yanka a shafe shi da jan fenti.

Yoyo daga saman taga yake farawa. Ruwa na bin kwarin kwano ya gangaro, ya tarar da firam, ya zarce ciki. Maganinsa a lanƙwasa sallen kwano kamar bakin hula, a cusa gefensa na sama a ƙarƙashin kwanon bango, ƙasansa ya rufo kan tagar. Silikon na toshe ƙananan kafofi ne kawai.

Kada a manta da sandunan ƙarfe saboda ɓarayi, a jikin firam za a yi waldarsu, da raga saboda sauro. Janareta dai ko tagogi goma aka yi, wurinsa waje, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa.

A auna sau biyu kafin a ɗora almakashi, don kwanon da aka yanka ba ya komawa sai da faci.