Ciwon Ƙoda Na Gado: In An Same Shi Ga Mutum Ɗaya, A Duba Zuriyar Duka

Akwai gidajen da za a tarar kaka ya rasu da ciwon ƙoda, uba ya bi shi, ga shi kuma ɗa ya fara kukan ciwon kwiɓi. Sau da yawa a kan ce sammu ne, alhali kuwa wata cuta ce da a ke gadonta, wadda ke sa wasu 'yan jakunkuna cike da ruwa su tsiro cikin ƙodoji biyu. A hankali su ke girma suna danne naman ƙodar, har ta kumbura ta kasa tace jini.

Idan uwa ko uba na da cutar, kowane ɗa da su ka haifa, namiji ko mace, zai yiwu ya gada ko ya tsira, rabi da rabi. Masana sun gano ƙwayoyin halitta biyu da ke jawo ta, ɗaya cikin 1994, ɗaya kuma cikin 1996. Galibi ba ta nuna kanta sai mutum ya kai shekara 30 zuwa 40. Alamominta su ne hawan jini, da ciwon kwiɓi, da fitsarin jini, da tsakuwar ƙoda. Wajen rabin masu ita ƙodarsu kan gaza kafin su cika shekara 60.

Gano ta ba wuya, hoton ciki na sikanin ya wadatar. Ga wanda cutar ke gidansu, mai shekara 15 zuwa 39, ganin jakunkuna uku a ƙodojin ya isa shaida. Daga 40 zuwa 59 kuwa, sai an ga biyu a kowace ƙoda.

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ita, amma ana iya rage mata gudu. Babban abu shi ne tsare hawan jini da magani kullum. Sa'an nan a rage gishiri da kanwa, a bar taba, a yawaita shan ruwa in likita bai hana ba. A guji sayen ibuprofen ko diclofenac a kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Akwai kuma maganin tolvaptan, wanda Japan ta amince da shi cikin 2014, Amurka cikin 2018. Yana jinkirta lalacewar ƙoda, sai dai tilas a riƙa auna lafiyar hanta.

In ƙoda ta gaza, sai wanki ko dashe. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Amma ɗan'uwan da zai ba da tasa, wajibi ne a fara duba shi, domin mai yiwuwa ne shi ma ya gada. Saboda haka, duk gidan da a ka sami mutum ɗaya, ya kamata 'yan'uwansa da manyan 'ya'yansa su je a auna jininsu, a yi musu hoto, tun ƙodar na da sauran ƙarfi.